Shekara tara ina tuba ina komawa, dan Allah ku ba ni shawara

Admin:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani bawan Allah a cikinmu ya turo min wannan saƙon ta gefe, ya ce in saka masa amma kar in faɗi sunansa. Duk amsar da zai bayar ta wurina za ta biyo, zan rubuta "Mai tambaya" a sama. Dan Allah a yi magana da tausasawa.

Mai tambaya:
Slm. Ni tela ne a nan Kano, shekarata 34, ina da mata da yara uku. Tun azumin 2016 na fara shan tiramol, kuma wlh ba don maye na fara ba, ɗinkin sallah ne ya yi mana yawa a shago, wuta ba ta zuwa sai tsakar dare, wani abokin aikina ya ɓallo min guda ɗaya ya ce in kora da shayi zan kwana a kan keke ban ji komai ba, haka kuwa aka yi na ɗinka kaya kala shida kafin sahur. Daga nan shikenan. Yanzu in ban sha ba ko zare ba na iya sakawa a allura, hannu na rawa, hamma, hawaye, ƙafafuna kamar ana sara.
Na tuba ya fi a ƙirga. Duk farkon azumi sai in daina, in yi kuka a sujada, amma da an shiga goman ƙarshe mutane na tafiya tahajjud ni kuma ina komawa gidan jiya saboda aiki. Mafi daɗewar da na yi wata huɗu ne. Akwai ranar da na dafa Alƙur'ani na rantse da Allah ba zan ƙara ba, ban yi sati uku ba na karya. Shekaranjiya 'yata 'yar shekara shida ta zaro katin daga aljihun rigata ta ce Abba ba ka da lafiya ne, in yi maka addu'a? Ta ɗaga hannu ta yi min. Tun daga lokacin ban iya cin abinci ba. Tambayata, Allah zai sake karɓar tuban mutum irina kuwa? Don yanzu har kunyar ɗaga hannu nake ji. Kuma yaya zan yi da rantsuwar nan.

Maman Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, wlh sai da na yi hawaye a wurin yarinyar nan. Allah ya yaye maka ɗan uwa, Allah ya dubi bayin Allahn da ke ƙarƙashinka.

Ɗan Fagge:
Amin ya Allah. Ba kai kaɗai ba ne wlh, teloli da 'yan adaidaita da masu dako a kasuwa da yawa haka suka faɗa, da sunan ƙarfin aiki.

Abu Mus'ab:
A gaya masa gaskiya kawai. Wannan tuban muzuru ne, kaza a baki. Shekara tara kana tuba kana komawa, har da dafa Alƙur'ani? Da ka tuba da gaske da ka bari. Sharaɗin tuba shi ne niyyar ba za ka koma ba, kai kuwa kana tuba ka san goman ƙarshe na zuwa. Ka ji tsoron Allah malam, ka daina wasa da Ubangiji.

Maman Hanif:
Haba Abu Mus'ab, mutum ya kawo kukansa ka ƙara masa da duka?

Abu Mus'ab:
Hajiya lallashi ne ya lalata mana matasa. Kowa sai a ce masa Allah gafurun rahimun, ba mai tuna masa shadidul iƙabi.

Malam Na Zaure:
Wa alaikumus salam. Abu Mus'ab ka faɗi sharaɗin daidai amma ka ɗora shi a inda ba nan ba. Duk wanda ya yi karatun Ahalari a zaure ya haddace su tun a shafukan farko, nadama a kan abin da ya wuce, da niyyar ba zai koma ba, da barin saɓon a take idan yana cikinsa. Niyya aka ce, ba a ce sai ya kawo tabbacin abin da zai faru gobe ba, don gobe ba a hannunsa take ba. Idan a lokacin da yake kuka a sujada zuciyarsa da gaske ta ƙudurta bari, to tubansa ya inganta, komawar da ya yi daga baya wani sabon zunubi ne mai buƙatar sabon tuba, ba ta rushe na baya ba.
Akwai hadisi a Bukhari da Muslim na bawan da ya yi zunubi ya ce ya Ubangiji ka gafarta min, Allah ya ce bawana ya san yana da Ubangiji mai gafarta zunubi kuma mai kamawa da shi, na gafarta masa, ya sake komawa ya sake roƙo, har sau uku ana gafarta masa. Sannan a cikin Bukhari akwai sahabin da ake yawan kawowa gaban Annabi SAW saboda shan giya ana yi masa bulala, wata rana wani ya ce Allah ya tsine masa, sau nawa ake kawo shi, sai Annabi SAW ya hana, ya ce kar ku tsine masa, abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. Ka lura fa, bulalar ba a fasa ba, laifi laifi ne, amma ba a yarda a kore shi daga ƙofar rahama ba.
Kai kuma mai tambaya, wannan kunyar ɗaga hannun da kake ji ita ce tarkon da ya fi ƙwayar haɗari. Shaiɗan ya samu ka sha, yanzu so yake ya samu ka daina roƙo. Ka buɗe Suratuz Zumar aya ta 53 ka karanta da fassara, waɗanda suka yi wa kansu ɓarna aka kira da "ya bayina", kuma aka hana su yanke ƙauna.

Mai tambaya:
Malam na gode, Allah ya saka da alheri. Abu Mus'ab ma ban ji haushinsa ba, abin da ya faɗa ni ma shi nake faɗa wa kaina kullum da daddare. Amma akwai gaskiya a maganarsa guda ɗaya, ina tuba ne alhali ban canza komai ba, shagon nan dai, abokin nan dai, mai kawo mana ma har yanzu yana zuwa bayan isha'i.

Anti Nas:
Yauwa, nan nake jira a zo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɓangaren masu matsalar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, bari in faɗi nawa ɓangaren, malamai su gyara min in na yi kuskure a na addini.
Ƙanina abin da kake ji in ba ka sha ba, hamma da hawaye da zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin bacci, ba raunin imani ba ne kawai, jikinka ne ya saba. Tiramol dangin su kodin ne, yana kama wasu wurare a ƙwaƙwalwa, in aka daɗe ana sha jiki sai ya daidaita kansa a kan cewa kullum zai samu, ranar da aka yanke sai komai ya rikice. Yawanci kwana na biyu da na uku su ne masu zafi, bayan kamar sati guda ciwon jiki ya lafa, amma rashin bacci da ƙunci da kwaɗayin abin suna iya jan makonni har watanni, a nan mutane suka fi faɗuwa don suna zaton ai sun warke.
Abu biyu nake roƙonka. Na ɗaya kar ka yanke shi kai kaɗai a ɗaki bayan shekara tara, ka je asibiti a tsara maka yadda za a rage a hankali a ba ka abin da zai sauƙaƙa maka. A Kano akwai asibitin Dawanau akwai kuma sashen a asibitin Malam Aminu Kano, na Kaduna su je Barnawa, na Sakkwato Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Ba sai ka haukace ake zuwa ba, mutane na zuwa da ƙafarsu a duba su su koma gida. Na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro, duk sanda ka yi wata da watanni ba ka sha ba jikinka ya rage juriya, in ka koma ka ɗauki adadin da ka saba da shi a da zai iya tsayar maka da numfashi ko ya jefa ka farfaɗiya. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, wanda ake sayar muku a ɓoye kuwa har 225 ake rubutawa a jiki, kuma ba wanda ya san me ke ciki. Na ga waɗanda aka kawo a haka, wasu ba su tashi ba.

Ɗan Fagge:
Subhanallah. Anti wannan na ƙarshen ban taɓa sani ba wlh.

Baban Khalifa:
Ni dai a ganina asibiti ɓata kuɗi ne, abin nan akwai shaiɗanu a ciki. A kai shi wurin malamai masu gidan gyaran tarbiyya ya yi wata shida yana shan rubutu yana karatu, zai dawo garau. Ƙanin matata haka aka yi masa.

Anti Nas:
Yaya Baban Khalifa addu'a da ruƙya ba wanda ya hana, ni kaina ina yi wa marasa lafiyana addu'a. Amma ka tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, 'yan sanda sun fito da mutum wajen 300 wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, bayan nan aka sake samun irinsa a Daura. Ba duka gidajen ne haka ba amma mari ba ya cire ƙwaya daga zuciya, yana hana ƙafa tafiya ne kawai, ranar da aka kwance sai ta tafi inda ta saba. Kuma wannan magidanci ne, in an kulle shi wata shida wa zai ciyar da yara ukun?

Malam Na Zaure:
Babu karo tsakanin biyun. Annabi SAW ya ce ku nemi magani ya bayin Allah, kuma ya ce wa mai raƙumi ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Zuwa wurin likita yana cikin amsar addu'ar da kake yi, ba kishiyarta ba ne.

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum, ni daga Nijar nike, ku yi haƙuri da Hausata. Ni na sha tramol shekara bakwai lokacin ina kabu-kabu, yau shekara huɗu da wata biyar ban taɓa ba, Alhamdulillahi. Ɗan uwa abin da zan gaya maka na gani da idona ne. Na yi rantsuwa ta fi goma, duk na karya, don ina rantsuwa da dare da safe in koma tasha guda da mutane guda, mai kofi ya san abin da yake zuba min tun ban tambaya ba. Ranar da na bari da gaske ban yi rantsuwa ba ma, babur ɗin na maida wa mai shi na tafi ƙauyenmu wurin yayana na yi damina guda ina noma. Kwana goman farko na zaci mutuwa zan yi, ina kwance bisa tabarma ina rawar ɗari cikin zafi, tsohuwarmu na shafa min ruwa tana karanta Fatiha, in da na san akwai taimakon likita da na je don wahalar ta yi yawa. Addu'ar da na riƙe guda ce don ban da karatu mai yawa, ya muƙallibal ƙulub sabbit ƙalbi ala dinika, ita nake maimaitawa duk sanda abin ya taso. Kuma na lura abin yana tasowa kamar hadari ne, in ka daure ɗan lokaci ka yi alwala ka fita cikin mutane sai ya wuce, ba ya zama. Har yau in na ji warin kofin tasha gabana na faɗuwa, shi ya sa ba na cewa na fi ƙarfinsa, cewa nike Allah ya tsare ni yau.

Maman Hanif:
Allahu akbar. Malam Issoufou Allah ya ƙara tabbatar da kai, wannan ai ya fi wa'azi dubu.

Malam Na Zaure:
Abin da Issoufou ya yi shi ne ainihin abin da ke cikin hadisin mutumin da ya kashe rai 99. Ya tambayi wani mai bauta ko yana da tuba, ya ce masa babu, ya cika ɗari da shi. Da ya je wurin malami sai ya ce wa zai shiga tsakaninka da tuba, amma bai tsaya nan ba, ya ce ka bar garinku don mugun wuri ne, ka tafi gari kaza akwai masu bautar Allah ka bauta tare da su. Wato an buɗe masa ƙofa kuma an ce ya tashi daga inda yake. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shagon nan ka bar shi ko da za ka koma ɗinki a zauren gidanku.

Mai tambaya:
Malam barin shagon nan ba ƙaramin abu ba ne, a nan kwastomomina suka san ni, kuma kuɗin da nake samu a goman ƙarshe shi ke biyan hayar gida da kuɗin makarantar yara. In na ce ba zan kwana ɗinki ba rabin aikin zai tafi.

Hajiya Iya:
Ɗana ni na haife ka, ka saurare ni. Rabin aiki da lafiyarka da mutuncinka ya fi cikakken aiki da za a zo a ɗauke ka a kan keke. Ka lissafa abin da kake kashewa a ƙwayar nan a wata, ka ninka sau goma sha biyu, ka gani ko ba hayar gidan ba ce kake haɗiyewa. Ka rufe karɓar ɗinki tun tsakiyar Sha'aban, wanda ya kawo a makare ka ba shi haƙuri, arziki na Allah ne ba na daren ashirin da bakwai a shago ba. Sannan tambayata, matarka ta sani?

Mai tambaya:
Ba ta sani ba Hajiya. Ko in ce ban taɓa faɗa mata ba. Ina jin tsoron ta raina ni ko ta faɗa wa gidansu.

Baban Khalifa:
Kar ka faɗa mata. Allah ya rufa maka asiri kai kuma ka tona? Ai akwai hadisin da ya hana mutum ya kwana Allah ya suturta shi ya wayi gari yana ba da labari.

Hajiya Iya:
Baban Khalifa macen da ke wanke masa kaya shekara tara kana zaton ba ta taɓa cin karo da katin nan ba? Yarinya 'yar shekara shida ma ta gani. Wlh ta sani, shiru take yi tana kuka a ɓoye tana jiran ranar da zai buɗe baki. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ni na zauna da mai irin wannan jarrabawar a cikin zuri'ata, ba sai na faɗi ko waye ba, ranar da ya faɗa da bakinsa ranar aka fara samun sauƙi don an daina wasan ɓuya, kuɗi ya koma hannun matar, in ya makara a waje ta kira.

Malam Na Zaure:
Hadisin da Baban Khalifa ya kawo sahihi ne, amma a kan masu bayyana saɓo don alfahari ko rashin kunya yake. Wanda ya faɗa wa likita ko malami ko wani amintacce don a taimake shi ya fita bai shiga ciki ba, sahabbai sun zo sun faɗa wa Annabi SAW abin da suka aikata suna neman mafita. Sai dai shi ya fi mu sanin matarsa, in mai riƙe sirri ce ya faɗa mata, in ba haka ba ya nemi wani ɗan uwa guda ɗaya. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya ci gaba da yaƙin nan shi kaɗai.
Maganar rantsuwa kuwa, kaffara ce a kanka, tana Suratul Ma'ida aya ta 89, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta wuya, wanda bai samu ikon ko ɗaya ba sai ya yi azumin kwana uku. Ba a tsallakawa zuwa azumi in ana da halin ciyarwa, mutane na yawan kuskure a nan. Kai da kake tela ma ga hanya a hannunka, ka ɗinka wa mabuƙata goma sutura da wannan keken da aka fara saɓon a kansa. Kuma daga yau ka daina rantsuwa, ka mayar da ita roƙo.

Abu Mus'ab:
Na karanta duka. Malam na karɓi gyara a kan maganar ingancin tuba, ni na yi gaggawa. Amma ku fahimce ni, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya kodin ya fara sha kafin gwamnati ta hana shi a 2018, da aka hana ya koma ƙwaya, ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarmu da awakinta, kullum ya zo ya durƙusa yana kuka ya tuba mu kuma mu ce Allah ya shirya mu bar shi ya koma majalisarsu, ba wanda ya kai shi asibiti ba wanda ya raba shi da abokan, har ranar da aka kira mu aka ce mu zo mu ɗauke shi. Shekararsa 26. Shi ya sa in na ji ana ta "Allah ya yaye" kawai ba a cewa a tashi a yi wani abu sai raina ya ɓaci. Mai tambaya ka yafe min kalmar da na yi amfani da ita, amma dan girman Allah kar ka tsaya a karanta amsoshin nan ka ji sanyi ka koma shago gobe kamar ba a yi ba.

Maman Hanif:
Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, Allah ya ba ku haƙuri. Ka yafe ni ni ma, ban san abin da ke ranka ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya sa ya huta. Wlh kusan kowane gida akwai irin wannan, binciken da aka yi a 2018 ma cewa ya yi mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, amma kowa na rufe nasa.

Mai tambaya:
Abu Mus'ab babu komai wlh, Allah ya jiƙan ɗan uwanmu. Jiya bayan isha'i ban koma shago ba, na zauna na faɗa wa maman yara. Hajiya gaskiyarki, ta ce tun tana goyon na biyu ta sani, ta ce duk tahajjud ɗin da take yi ni take yi wa. Ba zan ɓoye muku ba yau da safe na sha, don jikina ya ƙi tashi, amma na ba ta sauran katin ta riƙe kuma na faɗa wa mai kawowa kar ya ƙara nemana. Anti Nas in na je asibitin me zan ce musu, kuma sai da wani zan je?

Anti Nas:
Ka faɗa musu gaskiya tsaf, me kake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, yaushe ka sha na ƙarshe, ko kana haɗawa da wani abu, ko ka taɓa faɗuwa ko suma. Kar ka rage adadin don kunya, da shi za su tsara maka magani. Ka tafi da katin su gani. Ka je da sassafe don layin yankar kati, kuma ya fi kyau ka je da wani.

Abu Mus'ab:
Admin ka ba shi lambata ta gefe. In ya yarda ni zan kai shi ranar Litinin, ina da mashin, ƙarfe bakwai in sha Allah ina ƙofar gidansa.

Admin:
Na tura masa. Ya ce ya gani, zai kira ka bayan la'asar.